Cigiyar Leichhardt: Matan Melbourne da Asusun Neman Mutumin da Ya Shekara 17 da Ɓata

A watan Fabrairun 1865 wani Bajamushe masanin tsirrai, Dakta Ferdinand Mueller, ya tsaya gaban jama'a a wani zauren taro na birnin Melbourne da ke kudu maso gabashin Ostiraliya, ya yi dogon jawabi a kan mutumin da rabon a ji ɗuriyarsa tun watan Afrilun 1848. Sunan mutumin Ludwig Leichhardt. Mueller ya ce a sake fita nemansa, ko a same shi da rai, ko a samo ƙasusuwansa a san inda ya kwanta. Wannan kira ba sabo ba ne, an sha yin irinsa. Sabon abin shi ne waɗanda ya miƙa wa ƙoƙon bararsa. Ya tsallake majalisa, ya tsallake attajiran zinariya da ƙungiyar masana da shi kansa yake cikinta, ya ce matan gari su ɗauki nauyin tara kuɗin. Suka amsa. Cikin 'yan watanni ayari ya tashi da dawaki da raƙuma, kuma har yau a tarihin ƙasar da sunan matan ake kiran wannan tafiya.

Kafin a fahimci abin da ya sa suka amsa, sai an san wanda ake cigiya.

An haifi Leichhardt a 1813 a ƙasar Prussia, wadda yau take cikin Jamus. Ya yi karatu a jami'o'in Berlin da Göttingen, ya zurfafa a ilimin tsirrai da duwatsu da dabbobi, ya sauka Sydney a farkon 1842. A lokacin Turawa sun fi shekara 50 a nahiyar, amma bakin teku kawai suka sani. Tsakiyarta a taswirarsu farar takarda ce, har wasu na zaton akwai wani babban teku a can ciki. A watan Oktoban 1844 Leichhardt ya tashi daga yankin Darling Downs da 'yan mutane ƙalilan, cikinsu har da 'yan asalin ƙasar biyu, Charley Fisher da Harry Brown, waɗanda su ne idon ayarin wajen gano ruwa da sawu. Suka nufi Port Essington, wani ɗan sansanin sojan Ingila a can ƙuryar arewa. Tafiyar ta ci wata 14 da 'yan kwanaki, kimanin kilomita 4,800, kuma a hanya aka kashe ɗaya daga cikinsu, John Gilbert mai nazarin tsuntsaye. Da suka iso a watan Disambar 1845 an riga an fid da rai da su. A Sydney har an yi masa waƙar makoki, sai ga shi ya sauko daga jirgin ruwa a watan Maris na 1846. Wannan dawowa ta zauna a zukatan mutane, kuma tana cikin abin da ya sa daga baya aka kasa yarda cewa ya mutu: ai an taɓa yi masa ta'aziyya ya dawo.

Bayan haka ya ɗaura niyyar abin da ba Baturen da ya taɓa yi, wato ya ratsa nahiyar daga gabas zuwa yamma har kogin Swan, inda birnin Perth yake. Gwajin farko a ƙarshen 1846 ya watse saboda ruwan sama da zazzaɓi. A 1848 ya sake ɗaura sirdi, su bakwai: shi da Turawa huɗu da 'yan ƙasa biyu, Wommai da Billy, da dawaki 7 da alfadarai 20 da shanu 50. Shirinsa shi ne ya yi arewa tukuna, ya kewaye hamada ta kan kogunan da ke malala zuwa mashigin tekun Carpentaria, sannan ya karya yamma. Ya ce a ba shi shekara biyu zuwa uku. A farkon Afrilu ya rubuta wasiƙarsa ta ƙarshe daga wani gandun kiwo da ake kira Cogoon, kusa da inda garin Roma yake yanzu. Daga nan shiru. Mutum bakwai da dabbobi 77, da tukwane da bindigogi da sirada da kayan awo, duk ƙasa ta haɗiye.

Duk wanda aka taɓa yi wa ɓatan ɗan uwa ya san ya fi mutuwa cin rai. Mamaci an yi masa sutura, an san kabarinsa, an yi zaman makoki an watse. Wanda ya ɓata kuwa kullum aka taɓa ƙofa sai gaba ya faɗi. Gwamnatin New South Wales, yankin da Sydney take, ta aika Hovenden Hely a 1852, ya dawo da labarin bishiyoyi masu harafin L a jikinsu da jita-jitar kisa da ya ji daga bakin 'yan ƙasa. A 1858 Augustus Gregory ya bi sawu, ya tarar da wata bishiyar mai L kusa da kogin Barcoo, fari ya kore shi. Daga nan zance ya lafa.

Wanda ya tono shi wani makiyayi ne ɗan asalin Scotland, Duncan McIntyre. Shi ba neman Leichhardt ya fita ba. Ƙasar kiwo yake nema wa tumakinsa. A 1864 ya kutsa arewa har yankin mashigin Carpentaria, kuma a bakin kogin Flinders ya ga bishiyoyi biyu da aka sassaƙa wa harafin L, sannan a wani wurin ya ci karo da tsofaffin dawaki biyu masu tabon sirdi a gadon baya suna kiwo su kaɗai a daji. A ƙarshen shekarar ya aika labari Melbourne ta wayar tangaraho. Nan take gardama ta tashi, domin akwai wani mai L ɗin: William Landsborough, wanda ya bi kogin Flinders a 1862. Wasu suka ce alamar tasa ce, kada a tayar da hankalin jama'a a banza. Mueller ya tsaya kai da fata cewa ta Leichhardt ce, tunda wurin ya dace da hanyar da ya ce zai bi.

Mai karatu zai iya cewa, ko da ta Leichhardt ce, wane mai hankali ne zai sa ran samun mutum da rai bayan shekara 17 a daji? A wannan wuri ina ganin an fi kyauta wa mutanen 1865 idan aka duba abin da idonsu ya gani. Shekara biyu kacal kafin jawabin Mueller, a watan Janairun 1863, wani mutum da rana ta ƙone shi ya fito wa wasu makiyaya a arewacin Queensland yana haɗa Turanci da ƙyar. Sunansa James Morrill, ma'aikacin jirgin ruwa ne da jirginsu ya tarwatse a 1846, 'yan ƙasa suka tsince shi suka riƙe shi shekara 17 cif. Kafin shi akwai William Buckley, fursunan da ya gudu a 1803 ya zauna cikin mutanen Wathaurong shekara 32, ya ɓullo a 1835 a yankin da Melbourne ɗin kanta take. Ga kuma John King, wanda mutanen Yandruwandha suka ciyar da shi har aka same shi a 1861. Wanda ya ga waɗannan da idonsa, in ya ce ƙila akwai wani daga ayarin Leichhardt da ke zaune a wani wuri yana jiran ceto, bai yi wauta ba.

Sunan King ɗin nan shi ne mabuɗin tambayar da ta fi muhimmanci, wato me ya sa mata.

Melbourne a lokacin gari ne da kuɗi ya yi wa ambaliya. An gano zinariya a Ballarat da Bendigo a 1851, shekarar da aka yanke Victoria, yankin da Melbourne take, daga New South Wales ta zama mulki mai zaman kansa ƙarƙashin Ingila. Cikin shekara goma mutanen yankin suka tashi daga kimanin 77,000 zuwa sama da rabin miliyan. Da aljihu ya cika sai aka so suna. Ƙungiyar masana ta Victoria ta shirya ayari mafi tsada da aka taɓa gani a nahiyar, ta ɗora Robert O'Hara Burke, wani jami'in 'yan sanda da bai san daji ba, a matsayin madugu, aka sayo raƙuma daga ƙasar Indiya, aka yi musu rakiya da bikin da ya tara dubban mutane a watan Agustan 1860. Burke da mataimakinsa William Wills sun kai gab da tekun arewa, amma a hanyar dawowa yunwa ta kashe su a bakin Cooper Creek a tsakiyar 1861. Mutum bakwai suka mutu a tafiyar, King ne kaɗai ya tsira cikin huɗun da suka kai arewa. Kuɗin da aka kashe, haɗe da na ayarorin ceto, ya haura fam 50,000. Hukumar bincike ta zauna ta ɗora wa kwamitin shirya tafiyar nasa kason laifin, kuma Mueller ɗan wannan kwamiti ne. An yi wa Burke da Wills jana'izar ƙasa a watan Janairun 1863, aka buɗe mutum-mutuminsu a tsakiyar gari a watan Afrilun 1865, daidai lokacin da matan ke yawon tara kuɗi.

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Manyan mazan garin sun ji kunya, baitulmali ya ji jiki, ba wanda ke son sunansa ya sake fitowa a wani kwamitin aika mutane daji. Mueller ya gane cewa in ya kawo maganar da sunan binciken ƙasa, ƙofa a rufe take. Sai ya kawo ta da sunan jinƙai, kuma a tsarin rayuwar Turawan wannan zamani jinƙai fagen mata ne. Ɗan majalisa zai iya watsa wa masani ƙasa a ido a kan batun taswira. Da wuya ya iya kallon matar limamin cocinsu ya ce mata ba ruwansa da bayin Allah da suka ɓata.

Dabara ce, ba shakka, kuma ban ga dalilin ɓoye hakan ba. Amma dabarar ba za ta ci ba da a ce matan ba su da abin da ake bukata. Dubi matsayinsu a doka. A ƙa'idar Ingila da ake bi a can, mace in ta yi aure ita da mijinta sun zama mutum ɗaya a gaban shari'a, kuma mutumin shi ne mijin: abin da ta shigo da shi na kuɗi da abin da ta samu da guminta nasa ne, sai dai in danginta masu hali ne sun yi mata wata yarjejeniya ta musamman kafin aure. Sai a 1870 Victoria ta fara sassauta wannan. Bahaushiyar da ta tashi ta ga sadakinta nata ne, akuyarta da kuɗin adashinta ba mai taɓa mata sai da izininta, za ta yi mamakin jin haka game da matan da aka ce su ne suka waye. Zaɓe ma haka. Wani kuskuren rubutu a dokar zaɓe ta 1863 ya ba wasu mata masu biyan harajin gida damar jefa ƙuri'a, suka kuwa jefa a 1864, majalisa ta yi maza ta toshe ƙofar a 1865, shekarar da ake roƙon mata su ceto Leichhardt. Ba su sake samun wannan dama a zaɓen Victoria ba sai 1908. Jami'ar Melbourne ba ta karɓar mata a lokacin, ƙungiyar masanan da ta aika Burke ma ba mace ko ɗaya a cikinta.

Abin da suke da shi shi ne sanin gari gida-gida. Tun shekarun 1840 akwai ƙungiyar mata masu ziyartar gajiyayyu a Melbourne. A 1856 kwamitin mata ƙarƙashin Frances Perry, matar bishop ɗin cocin Ingila, tare da likitoci biyu, suka kafa asibitin haihuwa na matalauta, kuma matan ne suke tafiyar da shi: su ɗauki ma'aikata, su duba lissafi, su yanke wadda za a kwantar. Sun iya rubuta wasiƙar roƙo, sun iya shirya kasuwar sadaka da daren kiɗa, sun san al'adar nan ta buga sunayen masu bayarwa da abin da kowa ya bayar a jarida, wadda ke sa attajiri jin nauyin a ga sunan maƙwabcinsa babu nasa. An kuma tsara kwamitin neman Leichhardt da wayo: aka ɗauko mata bibbiyu daga manyan ɗarikun addini na garin. A wurin da 'yan Katolika 'yan asalin Ireland da 'yan Furotesta 'yan Ingila da Scotland suke zaman doya da manja, wannan ya hana a ce aikin na wani coci ne, ya kuma buɗe wa asusun ƙofar kowace majami'a.

Suna kuma da wadda za su yi koyi da ita, wadda ma ta taɓa zama maƙwabciyarsu. Jane Franklin ta zauna a tsibirin Tasmania daga 1837 zuwa 1843 lokacin da mijinta Sir John Franklin yake gwamna a can. A 1845 ya tafi da jiragen ruwa biyu, Erebus da Terror, da mutum 129, neman hanyar da ta ratsa ƙanƙarar arewacin Kanada, bai dawo ba. Da gwamnatin Ingila ta gaji ta rufe littafin, matar ta ƙi. Ta zuba dukiyarta, ta roƙi jama'a, ta sayi jirgi mai suna Fox ta ba Francis McClintock, shi kuwa a 1859 ya samo takardar da ta nuna mijinta ya rasu ranar 11 ga Yunin 1847. A 1860 ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Landan ta ba ta lambar zinariya, mace ta farko da ta samu. Duk wata mai karanta jarida a Melbourne ta san wannan labari. Sai dai akwai bambanci, kuma a wurina shi ne abin da ya fi ɗaga darajar matan Melbourne. Jane Franklin mijinta take nema. Leichhardt bai yi aure ba, ba shi da dangi a garinsu, baƙo ne daga wata ƙasa, bai ma tashi daga yankinsu ba. Sun fita neman wanda ba abin da ya haɗa su da shi sai cewa mutum ne kuma ya ɓata.

Mu ma ƙasarmu ta taɓa ganin irin wannan cigiya, a waɗannan shekarun kuma daga hannun Jamusawan. Eduard Vogel, wanda ya haɗu da Heinrich Barth a daji tsakanin Kano da Kukawa a ƙarshen 1854, ya kuma shiga Bauchi da Zariya, ya wuce Wadai a 1856 aka daina jin labarinsa. A Jamus aka yi karo-karo aka tura ayarin nemansa a 1861, wani daga masu neman, Moritz von Beurmann, shi ma aka kashe shi a yankin Kanem a 1863. August Petermann, masanin taswirar da ya tsaya wa wannan asusu, abokin musayar wasiƙar Mueller ne. Ashe salon tara kuɗin jama'a don neman ɓataccen matafiyi abu ne da Mueller ya sani daga gida.

Kuɗi ya taru. Sarauniya Victoria ta aiko da fam 100, ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Landan ta ba da fam 200, gwamnatocin Victoria da Queensland da Ostiraliya ta Kudu, waɗanda da farko ba su motsa ba, suka sa hannu a aljihu da suka ga jama'a ta motsa. Jimla ta kai wajen fam 4,000. Dattawanmu da suka ga zamanin fam da sule da kwabo kafin 1973 sun san lissafin: sule 20 ke yin fam ɗaya. A zamanin da makiyayin tumaki a can yake shekara guda yana aiki a kan fam 30 zuwa 40 da abinci, a ƙiyasta sule nawa aka tsinta ƙofa-ƙofa kafin a kai nan. Aka naɗa McIntyre madugu, gwamnati ta ba da aron raƙuman da suka rage daga tafiyar Burke, tare da wani mai kula da su da ake kira Belooch, wanda ya yi aiki a waccan tafiyar. Mataimakin madugu kuma likitan ayari shi ne Dakta James Patrick Murray, wanda a takarda ba shi da makusa, tunda ya taɓa zuwa Cooper Creek a 1862 cikin ayarin da ya ɗauko gawar Burke da Wills.

Suka tashi daga Victoria a watan Yulin 1865. Daga Melbourne zuwa mashigin Carpentaria a miƙe ya kusa nisan Kano zuwa Tarabulus, kuma sun faɗa cikin ɗaya daga munanan farin da aka gani a wancan ƙarni, farin da ya kashe tumaki ba iyaka a cikin ƙasar. A ƙarshen Nuwamba suka isa wani reshe na Cooper Creek inda McIntyre ya san akwai ruwa a shekarar da ta gabata, suka tarar ya ƙafe ƙaf. McIntyre ya ɗauki raƙuma ya tafi neman ruwa, ya bar sauran a hannun likita. Murray ya buɗe barasar da aka tanada don magani, ya sha ya raba wa mutane. Mutum mai ƙishirwa a tsakiyar zafi in ya ɗura barasa, abin da zai biyo baya sananne ne. Hankali ya gushe, ba wanda ya kula da dabbobi, dawaki sama da 60 suka bazu cikin daji da ƙishi, kusan dukkansu suka halaka, kaya suka watse. Kafin a taka ko da gefen ƙasar da aka je bincikawa, kaso mai yawa na abin da matan suka tara ya tafi.

McIntyre ya sallami likitan da waɗansu, ya tattara abin da ya rage, ya huta, ya ci gaba da raƙuma da 'yan mutane kaɗan a farkon 1866. Ya isa yankin mashigin, ya shiga Burketown, wani sabon ƙauyen Turawa da aka kafa shekara guda kafin nan, ya tarar da wani mugun zazzaɓi yana kwasar mutane, har Landsborough, mai ɗayan L ɗin, wanda yanzu shi ne majistaren wurin, yana kwashe waɗanda suka rage zuwa tsibirin Sweers. Cutar ta kama McIntyre. Ya rasu ranar 4 ga Yunin 1866 kusa da kogin Gilliat, yana da shekara talatin da 'yan kai, ya bar matar da ya aura shekara huɗu kafin nan. Wasu suka karɓi ragamar, aka ɗan ƙara zagaye, a 1867 aka rufe aikin. Ba a samo ko maɓallin rigar Leichhardt ba.

Idan aka zo rabon laifi, a ganina matan ba su da kaso mai yawa. Abin da aka ɗora musu sun sauke shi har da ƙari. Abin da ya rushe tafiyar ya faru a wurin da ƙafarsu ba za ta iya zuwa ba, wasiƙa ma sai ta yi makonni kafin ta iso, kuma duk abin da suka sani game da daji da halin mazan da aka ɗauka ta bakin wasu mazan suka ji shi. An ba su riƙon asusu, sanin hanya da sanin mutane yana hannun wasu. Halin Murray kuwa ya ƙara fitowa fili bayan shekara shida. A 1871 ya fita da jirgin ruwa mai suna Carl yana satar mutanen tsibiran tekun Pasifik don kai su gonaki aikin ƙarfi, da suka yi bore a cikin jirgin aka buɗe musu wuta, aka kashe kimanin 70, aka zuba su a teku har da masu sauran numfashi. Shi ya tsira daga hukunci ta hanyar ba da shaida a kan abokan aikinsa. Irin mutumin da aka damƙa wa amanar sulallan matan ke nan.

Akwai wani ɓangaren da ba zan tsallake ba, ko da yake yana rage wa labarin daɗi. Ƙasar da ake cewa ta haɗiye Leichhardt ba kango ba ce. Akwai masu ita, al'ummomi ɗaruruwa masu harsuna daban-daban, da suka shekara dubbai suna zaune a kanta, sun san kowace rijiya da kowane tafki. Su ne suka rayar da Buckley da Morrill da King. Duk da haka kowane ayarin ceto taswira yake dawowa da ita, kuma bayan taswira sai garken shanu da tumaki, bayan garke sai rundunar 'yan sandan da gwamnatin Queensland ke aikawa don murƙushe masu ƙasa, wadda ta iso Burketown a shekarar da McIntyre ya rasu, ta kuma zubar da jini mai yawa a yankin. McIntyre kansa ƙasar kiwo ce ta fara kai shi can, kuma ɗan uwansa Donald McIntyre ya kafa gandun Dalgonally a yankin, inda kabarin Duncan yake har yau. Ban yi zaton matar da ta zauna tana lissafin sulalla a Melbourne tana nufin kowa da sharri ba. Amma tausayin da ya ishe ta ta nemi Bature ɗaya da ya shekara 17 da ɓata, tsarin da take ciki bai nuna mata dubban da ake kora daga bakin ruwansu a daidai wannan lokaci ba. Morrill, wanda ya ji harshensu, ya nemi a bar shi ya shiga tsakani, hukuma ba ta ɗauki tayin ba, ya rasu a 1865.

Matambayi ba ya ɓata, in ji Hausawa, amma sai in ya yarda da wanda yake tambaya. A batun Franklin, mutanen Inuit, 'yan asalin arewacin Kanada, sun faɗa wa wani mai binciken ƙasa, John Rae, abin da ya sami ayarin tun 1854, aka ƙaryata su a Landan, Jane Franklin tana kan gaba wajen ƙaryatawar saboda labarin ya ƙunshi cewa yunwa ta sa mutanen mijinta cin naman matattunsu. Da aka gano jiragen biyu a 2014 da 2016, a yankin da labaran Inuit suka daɗe suna nunawa aka same su. A Ostiraliya an ji labarai da yawa daga bakin 'yan ƙasa game da Turawan da suka mutu a wuri kaza, amma masu tambayar ba su jin harshen, da bindiga a hannu suke tambaya, kuma ba su zauna sun tantance ba har masu labarin suka ƙare.

Mueller bai haƙura ba. Da shawararsa aka tura John Forrest daga Perth a 1869, shi ma ya dawo hannu rabbana. Mueller ya rasu a 1896 bai sani ba. Wajen 1900 wani yaro ɗan asalin ƙasar, mai yi wa wani Bature Charles Harding kiwo, ya tsinci wata bindiga da wuta ta ɗan ci, a maƙale cikin wata bishiya mai harafin L. A jikin bindigar akwai ɗan allon tagulla da aka buga wa suna da shekara: Ludwig Leichhardt, 1848. Allon ya yi ta yawo hannu-hannu har 2006, lokacin da gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke Canberra ya gwada ƙarfen ya tabbatar na zamanin ne, ya saye shi. Bisa labarin da ya zo da allon, an tsince shi kusa da Sturt Creek, tsakanin hamadar Tanami da babbar hamadar yashi ta yamma, nesa ƙwarai da kogin Flinders inda ayarin matan ya dosa. In a nan bindigar ta rabu da mai ita, to ya ci kusan kashi biyu cikin uku na hanyarsa.

Bishiyar da aka same ta a ciki 'yar uwar kukarmu ce, irinta ɗaya tilo da ke tsirowa a Ostiraliya, mai ƙaton ciki da 'ya'ya masu gari. Wanda ya raɗa mata sunanta na kimiyya Mueller ne, ya sa mata sunan Augustus Gregory, domin Mueller ne masanin tsirran ayarin Gregory na arewa a 1855 zuwa 1856. A wannan tafiyar, a farkon 1856, su biyun sun bi Sturt Creek a kan dawaki har inda ruwansa ya ƙare a wani tafkin gishiri, suka juyo.